Sokawe, Tankin SBR ko Gadon Kachalla: Wanne Ya Dace da Gidanka?

Cikin watan Agusta na wata damina, ƙanena da ya gina gida a wata sabuwar unguwa a bayan Kano ya kira ni ya ce in zo in ga ruwan rijiyarsa. Da na je ya jawo guga ya miƙo mini. A ido ruwan garau yake, amma da na kai shi hanci sai na ji ɗan wari irin na kwata. Muka auna da ƙafa: daga bakin rijiya zuwa sokawensa taku 11, zuwa na maƙwabcinsa da ke bayan katanga kuwa bai ma kai haka ba. Yara uku ne a gidan, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba. Ya ce, "Yaya, wani injiniya ya ba ni shawarar in sa abin da ake kira SBR. Ya ce ruwan da zai riƙa fita har bayin shuka zan iya yi da shi. In saya, ko in gyara sokawen kawai?"

SBR ɗin da yake nufi (Sequencing Batch Reactor a Turance) tanki ne da ke tace ruwan ƙazantar gida kaso-kaso ta hanyar hura masa iska. Ban iya ba shi amsa a tsaye ba, domin tambayar tana da rassa. Kuma ba shi kaɗai take damu ba. In ka cire wasu unguwannin Abuja da bututunsu ke kai ƙazanta matatar Wupa, galibin garuruwanmu kowane gida shi ke ɗauke da kayansa. Abin da bai nutse a ƙasa ba ya bi lambatu, a Kano kuma mai yawa daga ciki ya ƙare a kogin Jakara, inda masu lambu ke jan ruwan suna ba kayan miya. Saboda haka duk mai gini, ko gida ne ko makarantar kwana ko rukunin gidajen haya, dole wata rana ya zauna ya zaɓi inda ruwan ban ɗakinsa zai tafi.

Abin da muke kira sokawe

Sunan ɗaya muke ba shi, amma abu biyu ne. Na farko tanki ne rufaffe, wanda aka yi wa filasta ciki da ƙasa don kada ya yi yoyo. Ruwa yana shiga ya zauna kwana ɗaya zuwa uku, mai nauyi ya kwanta, maiƙo ya taso sama, ƙwayoyin bakteriya da ba sa buƙatar iska su riƙa cin na ƙasan a hankali. Wani Bafaranshe, Jean-Louis Mouras, shi ya fara gina irinsa wajen 1860, ya yi masa rajista a 1881. Na biyu shi ne ramin da ruwan tsakiya ke tsallakawa ya tsotse cikin ƙasa. Tankin ba ya tsarkake ruwa, rage masa nauyi kawai yake yi. Ƙasa ce ke yin sauran aikin, in ta samu tazara da lokaci.

Masana suna auna dauɗar ruwa da wani ma'auni da ake kira BOD, wato yawan iskar oksijin da ƙwayoyin halitta za su sha kafin su cinye ƙazantar da ke cikin lita guda. A lissafin da Jamusawa ke gina na'urorinsu a kai, mutum ɗaya yana zubar da lita 150 a rana mai ɗauke da giram 60 na wannan dauɗa, ka ga miligiram 400 ke nan a kowace lita. Tankin sokawe mai kyau yakan cire kamar kashi ɗaya cikin uku. Sauran duk yana bin ruwan zuwa rami, tare da amoniyar fitsari da ƙwayoyin cuta.

Shi ya sa ƙa'idar da masu aikin tsafta ke bi ta ce a bar mita 30 tsakanin irin wannan rami da rijiya, kuma gindin ramin ya ɗara saman ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi. To fulotin ƙafa 50 da 50 gaba ɗayansa faɗinsa mita 15 ne da ɗan wani abu. Ina za a samo mita 30? Ga kuma abin da na sha gani a wurin gini: birkila ya haƙa rami ɗaya, ya jera bulo da tazara, ya bar ƙasan ba kankare, ya rufe, a ce an yi sokawe. Wannan salga ce mai murfi. Mai gida yana murna wai shekara goma bai taɓa kiran motar yashewa ba, alhali abin da bai cika ba ƙasa ya tafi, wajen ruwan da yake sha.

Duk da haka kada a raina sokawen da aka gina bisa ƙa'ida. Ba ya cin wuta ko ta sisi, ba shi da abin da zai lalace, kowane magini ya san kayansa, kuma yashewa sau ɗaya a shekara biyu zuwa biyar ta ishe shi. Inda fili yake da faɗi, ƙasa jigawa ce mai shan ruwa, ruwan ƙasa kuma yana can nesa, har yau ban ga abin da ya fi shi sauƙi ba. Inda yake ba da kunya shi ne ƙasar yumɓu da ba ta tsotsa, da fadama inda ruwa ke tasowa da damina, da unguwar da gidaje suka matse kowa da rijiyarsa.

Yadda SBR ke aiki

Wanda ya taɓa tsayawa ya ga ana kamu ya riga ya san rabin aikin. An tace gasara a roba, an ajiye ta ta kwanta, sannan a karkata a tsiyaye ruwan sama, kamun ya zauna a ƙasa. Duk a mazubi ɗaya, kowane aiki da lokacinsa. SBR haka yake, sai dai abin da ke kwantawa a ƙasa laka ce mai rai, cike da bakteriya masu shaƙar iska, kuma ba a zubar da ita. Ita ce ma'aikaciyar.

A na gida, tankin ɗaki biyu ne. Ɗakin farko yana tara ruwan da ke zuwa daga ban ɗaki da kicin, ya riƙe tarkace. Idan lokaci ya yi, a ɗebi wani kaso a tura ɗaki na biyu. Sai kwamfuresa ta fara hura iska ta wani faifai mai ƙananan huji da ke ƙasan tanki, ruwan ya riƙa ɓulɓulowa kamar tukunya ta tafasa, lakar ta gauraye da shi tana cin dauɗar. Ana hurawa ana tsayawa na wasu sa'o'i. Daga nan komai ya yi tsit na kamar awa ɗaya zuwa biyu, lakar ta kwanta. A zuƙe ruwan sama a fitar, a mayar da rarar laka ɗakin farko, a sake ɗiban sabo. Yawancin na gida zagayen awa 6 suke yi, sau huɗu a yini. Gidan da ke zubar da lita 800 a rana, lita 200 ke nan kowane zagaye. A ire-irensu da yawa babu wani famfo mai juyawa a cikin ruwan. Iskar kwamfuresar ce ke ɗaga ruwa ta bututu, ita kuma tana cikin akwati a jikin bango tare da bawul-bawul da 'yar kwamfutar da ke ƙidaya lokaci.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1914 Edward Ardern da William Lockett suka gano aikin laka mai rai a matatar Davyhulme da ke Manchester a Ingila, kuma gwajinsu na cika-a-tsiyaye ne. Birane suka bar wannan salo suka koma tankuna masu gudana ba tsayawa, saboda a wancan zamani sai an sa mutum ya riƙa buɗe bawul yana rufewa dare da rana. Da na'urorin sarrafa kansu suka yi araha, Robert Irvine na Jami'ar Notre Dame a Amurka ya farfaɗo da shi a shekarun 1970. Inda ya shiga gidaje sosai kuwa ƙauyukan Jamus ne, wuraren da bututun gari bai kai ba. A can doka ta ce ruwan da ƙaramar matata ke fitarwa kada BOD ɗinsa ya wuce miligiram 40 a lita. Daga 400 zuwa 40, an cire kashi 90 cikin 100, kuma na'ura mai lafiya tana yin abin da ya fi haka. Ana gwada su bisa ma'aunin Turai mai lamba EN 12566-3 kafin a sayar.

Akwai wani abu da yake yi wanda sokawe ba ya iyawa ko kaɗan, kuma shi ya fi tsaya mini a rai saboda 'yar ƙanena. Lokacin da ake hura iska, wasu bakteriya suna mayar da amoniya ta zama naitiret. Lokacin da iskar ta tsaya, wasu kuma su karya naitiret ɗin ya zama iskar naitirojin ya tashi sama. A sokawe kuwa amoniyar tana shiga ƙasa, ta zama naitiret, ta gangara cikin ruwa, kuma naitiret yana tafiya nesa fiye da ƙwayoyin cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 a lita a ruwan sha, musamman don jariran da ake dama wa madara da shi, domin yana hana jininsu ɗaukar oksijin yadda ya kamata. Ba shi da wari, ba shi da launi, tafasawa kuma ba ta cire shi.

Sai dai a kula da wannan: ruwan SBR ya yi haske, warinsa ya tafi, amma ba a kashe duk cutar da ke cikinsa ba. Ya yi a ba mangwaro da darbejiya da furanni ta gindi. Bai yi a watsa wa latas ko tumatirin da za a ci ɗanye ba, balle wanka, sai an bi shi da kulorin ko fitilar kashe ƙwayoyin cuta. Mai sayarwar da ya ce maka ya zama kamar ruwan famfo ya yi maka ƙari.

Inda gizo ke saƙar

Wuta ce ta farko. Ba yawanta ba ne matsalar. Ɗauki kwamfuresa mai wat 80 da ke aiki awa 12 a yini: kusan yunit ɗaya ke nan, yunit 30 a wata. Ko a farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sa wa 'yan rukunin Band A a Najeriya a watan Afrilun 2024, kuɗin bai kai naira 7,000 a wata ba. Matsalar ita ce dawwama. Lakar nan numfashi take yi. In aka ɗauke wuta awa uku ko biyar, babu komai, za ta jure. In aka kwana biyu ko uku, sai ta fara baƙi tana wari, ɗakin farko ya cika ya tumbatsa, ruwa ya wuce ba a tace shi ba. Bayan wuta ta dawo, masu cin amoniya su ne ke daɗewa ba su farfaɗo ba, wani lokaci makonni. Zafinmu ma yana da hannu biyu a nan: bakteriya sun fi kuzari a ruwa mai ɗumi, amma ruwan ɗumi bai riƙe oksijin kamar mai sanyi, a digiri 20 yana ɗaukar miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa kamar 7 da rabi. Don haka a wurinmu ni ba na lissafa SBR ba tare da nasa faifan sola da batir da inbata ba, waɗanda ba a haɗa su da firji ko talabijin ba. Faifai ɗaya mai wat 300 zuwa 400 zai ɗauki ƙaramar na'ura, amma kuɗinsa yana cikin kuɗin saye tun farko. Dogaro da janareta kuwa, ranar da mai ya yi tsada tankin ne za a fara mantawa da shi.

Na biyu shi ne mai kula. A Jamus mai gida yana ƙulla yarjejeniya da kamfanin gyara, ma'aikaci ya zo duba na'urar, galibi sau biyu a shekara, ya auna ruwan, ya rubuta rahoto. Wannan tsarin shi ke riƙe da fasahar, ba tankin ba. A nan wa zai zo? Robar cikin kwamfuresa tana tsagewa bayan 'yan shekaru, bawul yana maƙalewa, matatar iska tana toshewa, kuma ƙurar hunturu tana toshe ta da wuri fiye da yadda littafin kamfani ya yi zato. Kayan ƙanana ne, amma in babu su a kasuwa sai an yi odarsu da kuɗin waje, tanki yana zaune yana jira. SBR da ya tsaya ya koma sokawe, kuma sokawe maras kyau, domin ba a yi masa babban ramin tsotsewa ba.

Na uku halin gida ne. A zuba bilic rabin kwalba a masai don ya yi ƙamshi, an kashe ma'aikatan. Sauran manja da man suya in suka bi ta wurin wanke-wanke suna lulluɓe laka su hana ta kwanciya, don haka sai an sa ɗan akwatin tare maiƙo a bakin kicin. Famfas da audugar mata da leda suna toshe bututun ɗaga ruwa. Tsarki da ruwa da muke yi kuwa alheri ne gare shi, domin takarda ba ta taruwa. Sai batun yawan jama'a: gidan mutum 8 ranar suna ko biki yakan koma gidan mutum 60. SBR ya fi sauran injinan hura iska jure wannan saboda ɗakin farko yana tara ruwa ya ba shi kaɗan-kaɗan, amma sai in an yi ɗakin da girma. Kuma lissafin lita 150 na Bature ba namu ba ne. Gidan da ke sayen ruwa jarka-jarka wurin 'yan garuwa ba ya zubar da rabin haka, amma dauɗar mutum ba ta ragu ba, ruwan ya fi kauri ke nan. A zaɓi girman na'ura da yawan mutane, kada a zaɓa da yawan ruwa.

Yashewa ma ba ta ƙare ba. Ɗakin farko yana cika da laka, har ya fi na sokawe saurin cika tunda ana ƙara masa rarar ɗaki na biyu. Kuma ko wanne ne, kada a bar yaro ko lebura ya shiga ciki. Iskar da ke taruwa a tankin ƙazanta tana kashe mutum cikin mintuna, sau da yawa har da wanda ya shiga ceto.

Hanya ta uku, ga mai fili

Akwai wadda ba a cika kawo wa mutane ba saboda babu injin da za a sayar musu. Bayan tankin sokawe, a haƙa gado mai zurfin da bai kai mita ɗaya ba, a shimfiɗa leda mai kauri ko a yi kankare, a cika da tsakuwa, a dasa ciyawar fadama. Ruwa yana ratsawa ta ƙarƙashin tsakuwa, bakteriyar da ke manne da saiwoyi da duwatsu su cinye dauɗar. Wata masaniya Bajamushiya, Käthe Seidel, ita ta fara gwajinsa a shekarun 1950. A Turai ana ba kowane mutum murabba'in mita 4 zuwa 5. A ƙasa mai zafi ana iya ragewa. Gidan mutum 10 dai zai ba da wurin da ya kai babban ɗaki ko biyu.

Ciyawar muna da ita. Kachalla tana yi, jema ma tana yi. Amma wanda ya san abin da kachalla ta yi wa fadamar Hadeja da Nguru, yadda ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, zai yi hattara: a riƙa yanke ta kafin ta fitar da kai iska ta kwashi irin, ko a zaɓi jema. Sharaɗi na biyu, kada ruwa ya taɓa fitowa saman tsakuwa, in ba haka ba an gina wa sauro gida. Ba ya cin wuta, ba ya jin ɗaukewarta, biki ba ya girgiza shi, ruwansa kuma yana kusa da na SBR a haske, ko da yake irin wannan gado da ruwa ke ratsawa a kwance bai kai SBR cire amoniya ba. Da bazara ciyawar tana shanye ruwa da yawa, don haka mai son ruwan bayi zai samu ƙasa da abin da ya zuba. Ga makarantar kwana a ƙauye ko gidan gona, shi nake fara ambata kafin kowane inji.

Abin da na faɗa wa ƙanena

Na ce masa SBR ba zai ceci rijiyarsa ba. Ko ya tace nasa ruwan tas, sokawen maƙwabta na hagu da dama da baya suna nan suna zuba a cikin ruwan ƙasa ɗaya. Wannan ne abin da injiniyan bai faɗa masa ba. A unguwar da ta matse, gida ɗaya ba ya gyara ƙasa shi kaɗai. SBR yana biyan kuɗinsa ne inda mutum ɗaya ke da iko da dukkan ƙazantar wurin: mai gina rukunin gidaje 10 ko 20 da bohol ɗaya, otal, asibiti, makarantar da ke tsakiyar gari ba ta da filin gado, ko gidan da ke kan yumɓu inda rami ke cika duk damina ana kiran mota wata-wata. A irin waɗannan wurare akwai mai gadi ko mai gyaran famfo da za a koya wa aikin, akwai sola, kuma kuɗin yana rabuwa a kan mutane da yawa. Maƙwabta huɗu ko biyar da suka yarda da juna ma suna iya haɗa bututunsu wuri ɗaya, in sun rubuta tun farko wa zai riƙe makullin akwati, wa zai tara kuɗin gyara.

Shi kuwa abin da muka yi, mun kai ruwan rijiyar ɗakin gwaji a duba naitiret da ƙwayoyin bayan gida, aka daina sha da girki da shi, aka bar shi ga wanki da share-share. Aka yashe sokawen, aka zuba masa kankare a ƙasa, aka yi filasta, aka raba shi ɗaki biyu, aka sa bututun shaƙar iska, aka matsar da ramin tsotsewa can ƙarshen fuloti. Na sa magini ya binne fayif fanko daga tankin zuwa bangon gareji. Tanki mai ɗaki biyu da ba ya yoyo ana iya saka masa kayan SBR daga baya ba tare da sabon haƙa ba, haka aka yi wa tsofaffin tankuna da yawa a Jamus, kuma ta wannan fayif bututun iska zai bi in ranar ta zo.

In kai naka wurin ya dace da shi, kafin ka biya ka ce wa mai sayarwa ya kai ka inda ya kafa irinsa shekara biyu da suka wuce, ba na jiya ba. Tambaye shi me na'urar ke yi in wuta ta ɗauke a tsakiyar zagaye, ko tana ci gaba daga inda ta tsaya, ko tana da ƙararrawa, kuma a wane shago robar kwamfuresa take. Ka tafi da gorar ruwa fanko mai lita ɗaya wadda aka yanke wa kai. Lokacin da iska ke hurawa, a ɗebo maka daga ɗaki na biyu, ka ajiye a inuwa minti 30. Laka mai lafiya ruwan ƙasa ce, ƙamshinta kamar na ƙasa bayan ruwan farko, tana kwanciya ta kama kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin gorar, na sama kuma ka hango yatsanka ta cikinsa. In ta fito baƙa tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko minti 30 ya cika ruwan yana nan dagule, ka tambayi mai gidan yaushe rabon da wani ya zo ya buɗe akwatin.